Ruwa a jakar zuciya: Hoton nukiliya ko eko, wanne mazauna zangon Akra suka fi buƙata?

Tsakanin unguwar Old Fadama da asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Akra babu wata tazara ta a zo a gani. 'Yan kilomitoci ne kawai, kuma tafkin Korle da ke gefen unguwar shi ne ya ba asibitin suna. A harabar wannan asibiti, wanda aka buɗe tun 1923, akwai cibiyoyi biyu da Ghana ke alfahari da su: cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji ta ƙasa, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya assasa a 1989, da kuma cibiyar gashin cutar daji da likitancin nukiliya, wadda ta fara aiki a 1997 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wato IAEA, ko AIEA ga masu Faransanci.

Duk da wannan kusanci, mai dako ko ɗan gwangwan da ruwa ya taru masa a jakar zuciya na iya shafe makonni yana kai-komo tsakanin kantin magani da mai maganin gargajiya kafin wani ya leƙa zuciyar tasa da na'ura. Tun daga 2025, lokacin da gwamnatin John Dramani Mahama ta kafa asusun tallafa wa masu cututtuka masu daɗewa, wanda aka fi sani da MahamaCares, maganar manyan na'urorin asibiti ta sake samun wurin zama a bakin 'yan siyasa da likitoci. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta janye tallafin USAID, abin da gwamnatin Ghana ta ce ya bar giɓin kimanin dala miliyan 156, kusan rabinsa a fannin lafiya. Idan kuɗi ya yi kaɗan, zaɓi ya zama dole. Ruwan jakar zuciya misali ne mai kyau na irin wannan zaɓi, domin na'urori biyu na iya nuna shi, ɗaya mai tsada da wahalar samu, ɗaya mai araha da ake iya sakawa a aljihu.

Mene ne ruwan jakar zuciya?

Zuciya na zaune ne a cikin wata jaka mai tantani biyu. Tsakanin tantanin akwai ɗan ruwa, daga mililita 15 zuwa 50, wato cokali ɗaya zuwa uku, wanda ke sa zuciya ta riƙa motsi ba tare da goguwa ba. Idan tantanin ya kumbura, ko wata cuta ta taɓa shi, ruwan sai ya ƙaru. A takardar likita ta Turanci ana rubuta wannan da sunan pericardial effusion, a ta Faransanci kuma épanchement péricardique.

Haɗarin ya fi rataya ne a kan saurin taruwar ruwan. Idan a hankali yake taruwa, jakar na buɗewa har ta ɗauki lita ɗaya ko biyu mutum na tafiya da ƙafarsa, sai dai haki da kasala. Idan kuwa cikin gaggawa ne, kamar bayan sukar wuƙa ko haɗarin mota, mililita 150 zuwa 200 sun isa su matse zuciya ta kasa cika da jini. Daga nan ƙarfin bugun jini ya faɗi, jijiyoyin wuya su kumbura, likita ya ɗora abin sauraro ya ji bugun zuciya can ƙasa-ƙasa. Waɗannan alamomi uku likitan tiyata na Amurka Claude Beck ne ya bayyana su a 1935. Wanda ya kai wannan mataki na iya rasa ransa cikin sa'o'i, alhali maganin gaggawar allura ce doguwa da ƙwararre ke sokawa ta ƙasan ƙahon zuci ya zuƙe ruwan.

Yadda hoton nukiliya ke nuna shi

Mutane da yawa ba su san cewa fasahar nukiliya ta riga eko shiga wannan aiki ba. A 1958 wasu masu bincike uku a Cleveland da ke Amurka, Rejali da MacIntyre da Friedell, suka bayyana wata dabara: a zuba wa jini wani sinadari mai fitar da haske da ido ba ya gani, a ɗauki hoton inda jinin ya taru a cikin zuciya, sannan a kwatanta da inuwar zuciya a hoton ƙirji. Idan inuwar ta fi tarin jinin faɗi sosai, kuma aka ga wani fili babu haske tsakanin zuciya da huhu da hanta, to ruwa ne ya cike wurin.

Dabarar ba ta daɗe tana jan zarenta ba. A 1965 Harvey Feigenbaum na jihar Indiana ya nuna cewa na'urar sauti, irin wadda a yau ake duba mai ciki da ita, tana nuna ruwan kai tsaye. Wannan shi ne abin da ake kira eko a Ghana da Najeriya, ekografi kuma a Nijar da sauran ƙasashen renon Faransa. Babu allura, babu tururin nukiliya, kuma cikin 'yan mintoci likita zai ga yawan ruwan da ko ya fara matse zuciya. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2015 suka sa eko a matsayin gwajin farko ga duk wanda ake zargin yana da cutar jakar zuciya.

A yau idan hoton nukiliya ya gano ruwan, yawanci tsintuwa ce. Ana tura majiyyaci ne don a duba ko jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya sun toshe. A yi masa allurar sinadarin teknetiyam-99m, tsokar zuciya ta sha shi, kyamara ta zagaya ƙirji tana ɗaukar hoto. Mai karanta hoton da ke da lura, idan ya duba hotunan farko kafin kwamfuta ta gyara su, zai iya ganin wani zobe mai duhu ya kewaye zuciya, kamar yadda wata ke yin lema. Wani lokaci kuma a ga zuciyar na lilo a cikin ruwan. Wannan tsintuwa na da amfani, domin mai haki da aka ɗauka toshewar jijiya ce ke damunsa sai a gane wata matsala ce daban. Amma ko a nan, abin da ke biyo baya shi ne a tura shi eko don a tabbatar.

Akwai wani nau'in hoton nukiliya mai suna PET, wanda ake amfani da sukari mai ɗauke da sinadari. Duk inda kumburi ko ciwon daji yake, ƙwayoyin wurin kan sha sukarin da yawa su haska. Wannan na taimakawa a shari'o'i masu sarƙaƙiya: a ga ko tantanin na cikin kumburi, ko akwai kaluluwa a ƙirji da za a iya ɗebo samfuri daga gare ta, ko ciwon daji ne ya yaɗu. Sai dai tarin fuka da ciwon daji duka suna haskawa, don haka hoton shi kaɗai ba ya raba gardama.

Sinadarin da ba ya jira

Babbar matsalar hoton nukiliya a Afirka ta Yamma tana wajen sinadarin. Ƙarfin teknetiyam-99m na raguwa da rabi duk bayan awa shida, bayan kwana ɗaya abin da ya rage kimanin kashi shida ne cikin ɗari. Saboda haka ba a ajiye shi. Ana tatso shi ne a asibiti daga wani sinadari mai suna molibdinam-99, wanda shi ma yake rasa rabin ƙarfinsa duk awa 66. Tulun da ake kawo shi a ciki kan yi amfani na mako ɗaya zuwa biyu, daga nan sai an kawo sabo ta jirgin sama.

Tukwanen nukiliya ƙalilan ne ke samar da mafi yawan molibdinam na duniya, daga ciki akwai na Petten a Holan, da BR2 a Beljiyam, da OPAL a Ostireliya, da SAFARI-1 a Pelindaba ta Afirka ta Kudu. Idan ɗaya ya tsaya, duniya ta ji a jikinta. Haka aka yi a 2009 da 2010 lokacin da tukunyar Chalk River ta Kanada ta lalace, haka kuma aka sake yi a ƙarshen 2024 da aka samu jinkiri wajen tayar da ta Petten. A irin wannan yanayi ƙananan masu saye ne ke ƙarshen layi.

Ghana na da tata tukunyar bincike a Kwabenya, ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar da aka kafa a 1963. Ƙarfinta kilowat 30 ne, yayin da SAFARI-1 ke da megawat 20, ninki fiye da 600. Ta dace da koyarwa da gwaje-gwaje, amma asibiti sai ya sayo sinadarinsa daga waje da kuɗin waje, a ƙasar da darajar sidi ke hawa da sauka. Mai karatu a Agadez ko Tawa zai ga wani abin dubawa a nan: asalin molibdinam ɗin daga yuraniyam ake fasa shi, irin wanda ake haƙowa a Arlit tun 1971. Duk da haka, a Nijar ma sashen likitancin nukiliya na cibiyar radiyo-izotof ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai sai ya jira jirgi. A Najeriya, mai mutum sama da miliyan 200, asibitin koyarwa na Ibadan da babban asibitin ƙasa na Abuja su ne suka daɗe suna riƙe da wannan fanni a ɓangaren gwamnati.

Ga kuma batun tururin da jiki ke sha. Hoton nukiliya na zuciya sau ɗaya ya kai kimanin abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin shekaru uku zuwa huɗu. Ba abin firgita ba ne idan akwai dalili, amma ana kauce masa ga mai juna biyu. Eko kuwa ana iya maimaita shi kullum ba tare da wata illa ba, kuma mai ruwa a jakar zuciya na buƙatar a riƙa dubawa ko ruwan na ƙaruwa.

Ruwa ba ya tsami banza

Ganin ruwan rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin abin da ya kawo shi. A Turai da Amurka yawanci ƙwayar bairos ce, ko ciwon daji, ko bayan tiyata. Ciwon ƙoda da ya yi nisa na kawo shi, haka ma raunin ƙwayar maƙogwaro da wasu cututtukan garkuwar jiki. A Afirka kudu da Sahara kuwa, tarin fuka ne kan gaba. Wani bincike da aka wallafa a 2005 daga yankin Western Cape na Afirka ta Kudu ya gano cewa a cikin majiyyata 233 masu ruwa mai yawa, kusan kashi 70 cikin ɗari tarin fuka ne sanadi.

Marigayi Farfesa Bongani Mayosi na Jami'ar Cape Town ya sadaukar da shekaru kan wannan cuta. Binciken da ya jagoranta a Kamaru da Najeriya da Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2008, ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ya rasu cikin wata shida, kuma adadin ya kai kashi 40 cikin ɗari ga masu alamun cutar HIV. A 2014 ya fitar da sakamakon wani babban gwaji kan mutum 1,400 a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Najeriya da Saliyo. An ga cewa ƙara maganin prednisolone na rage ƙanƙancewar jakar zuciya da kwanciya asibiti, amma bai rage mutuwa ba, kuma ya ƙara haɗarin ciwon daji ga masu HIV. Darasin shi ne duk mai wannan ciwo ya kamata a yi masa gwajin HIV kafin a yanke maganin da za a ba shi.

Wannan ya shafi Ghana kai tsaye. Ƙidayar tarin fuka da ƙasar ta gudanar a 2013 ta nuna cewa yawan masu cutar ya ninka hasashen da ake yi kusan sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa kimanin mutum dubu 44 ke kamuwa a kowace shekara, kuma waɗanda ake ganowa ba su kai rabi ba. Tarin fukar da ya sauka a jakar zuciya ya fi wuyar kamawa, domin sau da yawa majinar mutum ba ta nuna komai. Sai an zuƙo ruwan an auna shi, ko da na'urar GeneXpert ko da gwajin sinadarin ADA. A inda cutar ta yi yawa, ƙa'idojin likitoci sun yarda a fara maganin tarin fuka idan alamu sun nuna haka kuma an kawar da sauran dalilai.

Yanayin Old Fadama kuwa irin wanda tarin fuka ke so ne. Ƙidayar da mazauna unguwar suka yi da kansu a 2009, tare da ƙungiyar People's Dialogue, ta samu mutum 79,684 a fili mai kimanin hekta 31, wato fiye da mutum 2,400 a kowace hekta. Sunan unguwar kansa Hausa ne, kuma ya faɗi gaskiyar wurin: fadama ce a bakin kogin Odaw. Yawancin mazaunanta daga arewacin Ghana suka fito, musamman bayan rikicin Konkomba da Nanumba na 1994, tare da 'yan Nijar da Najeriya da Burkina Faso da Togo, kuma Hausa na cikin harsunan da ke haɗa su a kasuwa. 'Yan mata masu dako, waɗanda ake kira kayayei, kan kwana da yawa a ɗakin katako guda marar taga. A Nima da Maamobi gine-ginen sun fi ƙarko, amma cunkoson gidan haya bai canza ba.

Zuciya ce ta kumbura ko ruwa ne ya kewaye ta?

Ga inda rashin eko ke kashe mutum. Majiyyaci ya zo da haki da kumburin ƙafa da ciki. An yi hoton ƙirji, an ga inuwar zuciya ta yi faɗi. Abu biyu ne ke iya jawo haka: ko tsokar zuciya ce ta saki ta buɗe, ko kuma zuciyar lafiyarta lau, ruwa ne ya kewaye ta. A hoton ƙirji suna iya kama da juna, amma maganinsu ya sha bamban. Mai raunin tsoka ana ba shi ƙwayar sa fitsari don a rage ruwan jiki. Wanda ruwa ya fara matse masa zuciya kuwa, wannan ƙwayar na rage jinin da ke komawa zuciya, tana iya kayar da shi.

Al'ummar Hausawa na da dalili na musamman na kula da wannan bambanci. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa, kuma Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya ci gaba da bincike a kai. Mai jego da ta zo da haki a Maamobi ko Maraɗi, abu na farko da zai zo ran ma'aikacin lafiya shi ne wannan ciwo ko hawan jini. Sau da yawa hasashen daidai ne. Amma mai jego na iya ɗauke da tarin fuka, kuma minti biyar da na'urar eko sun isa a bambance.

Giɓin da ke cikin inshora

Ghana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da dokar 2003, ta sabunta ta a 2012. Tsarin na biyan ganin likita da gwajin jini da hoton ƙirji da sikanin na ciki. Amma a jerin ayyukan da ba ya biya, wanda aka daɗe ana aiki da shi, akwai eko na zuciya, da hoton jijiyoyin jini, da tiyatar zuciya in ba ta dalilin haɗari ba. Maganin tarin fuka kuwa kyauta ne ƙarƙashin shirin yaƙi da cutar na ƙasa.

Idan aka haɗa waɗannan, hoton da ke fitowa shi ne: maganin kyauta ne, amma ƙofar da ake bi a kai gare shi ta kuɗi ce. Wadda ke samun abincin yau daga dakon yau, idan aka ce ta biya eko daga aljihunta ta kuma bar aikin yini, za ta ɗaga zuwa gobe, goben kuma ta zama wata guda. Idan aka makara, tantanin na iya yin kauri ya ƙanƙance ya ɗaure zuciya kamar busasshiyar fata. Daga nan sai tiyatar cire tantanin, aikin da sai manyan cibiyoyi irin ta Korle Bu, kuma inshora ba ta biya. Kuɗin da aka ƙi kashewa kaɗan a farko shi ake nema ninki-ba-ninki a ƙarshe.

An kafa asusun MahamaCares ne don cututtukan da ba sa yaɗuwa: ciwon daji, ciwon ƙoda, ciwon sukari, shanyewar ɓarin jiki da cututtukan zuciya. Tarin fukar jakar zuciya ya tsaya ne a tsakiya. Asalinsa cuta ce mai yaɗuwa, sakamakonsa kuma ciwon zuciya ne. Abin da ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar unguwannin zango su nema a rubuce shi ne wane asusu ke ɗaukar nauyin ekon wannan majiyyaci, da zuƙe ruwansa, da tiyatarsa idan ta kama. Idan ba a fayyace ba, kowane ofis zai iya nuna ɗan'uwansa.

Waɗanda ke tsakanin ƙasa biyu

Maganin tarin fuka wata shida ne: wata biyu ana shan magani huɗu, wata huɗu ana shan biyu. Yana buƙatar mutum ya zauna wuri ɗaya, ko aƙalla a san inda yake. Rayuwar Old Fadama ba ta ba da wannan tabbaci. A Yunin 2015, bayan ambaliya da gobarar gidan mai ta 3 ga wata da suka hallaka sama da mutum 150 a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, hukumomi sun rushe wani ɓangare na unguwar. A Yulin 2021 aka rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku a bayan gari. Duk rusau na tarwatsa mutane, har da waɗanda ke tsakiyar shan magani.

Ga kuma 'yan ci-rani. Wanda ya biyo motar albasa daga Galmi, ko ya zo dako daga Dosso, idan damina ta ƙarato gida zai nufa. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wato CEDEAO, a ranar 29 ga Janairun 2025 ba ta tsayar da wannan zirga-zirga ba, amma ta ƙara wa baƙo ɗari-ɗari da duk wani ofishin da ke tambayar takarda. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar da Najeriya kamar yadda yake a Ghana, don haka wanda zai yi tafiya ya nemi takardar canjin asibiti da katin maganinsa da sakamakon ekonsa. Takardar Akra da Turanci take, ta Yamai da Faransanci, amma sunayen magungunan kusan ɗaya ne, kuma hoton eko da aka ɗauka a waya kowane likita zai karanta shi.

Abin da hannu zai iya kaiwa

Fasahar da ta fi dacewa da wannan matsala ta riga ta iso. Tun 2017 aka amince da wata na'urar sikanin mai suna Butterfly iQ a Amurka, wadda ake haɗawa da wayar hannu, kuma ta shigo kasuwa a kan kimanin dala dubu biyu. Akwai ire-irenta daga wasu kamfanoni. A asibitin Hlabisa da ke karkarar KwaZulu-Natal, likita Tom Heller da abokan aikinsa sun tsara wata gajeriyar hanyar dubawa mai suna FASH, wadda ke koya wa ma'aikacin da ba ƙwararren zuciya ba ya duba wurare kaɗan a jiki don neman alamun tarin fuka, kuma wuri na farko shi ne jakar zuciya. Abin lura, ana yin ta ne da kan na'urar da ake duba ciki da shi. Ke nan na'urar da ke ɗakin awon masu ciki a asibitin Maamobi ko na Ussher da ke James Town na iya nuna ruwa mai yawa a jakar zuciya, idan akwai wanda aka koya wa.

Wannan hanya na da nata sharuɗɗa. Wanda bai ƙware ba na iya ɗaukar kitsen da ke kan zuciya ko ruwan da ke gefen huhu a matsayin ruwan jakar zuciya. Dole a samu ƙwararre a Korle Bu ko asibitin Ridge da zai riƙa duba hotunan da aka turo masa, da kuma hanyar miƙa majiyyaci cikin gaggawa idan an ga ruwan ya yi yawa. Gano ruwa a wurin da babu mai zuƙe shi, babu kuma motar kai mutum gaba, ƙarin tashin hankali ne kawai. Ghana ta taɓa yin irin wannan yunƙuri da ta raba na'urorin hoton ƙirji na zamani sama da 50 a asibitocin ƙasar don farautar tarin fuka, don haka tsarin horo da kulawa ba baƙon abu ba ne.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da likitancin nukiliya. Masu ciwon daji na buƙatarsa don a ga ko cutar ta kai ƙashi, masu maƙoƙo da ciwon ƙoda na amfana da shi, kuma yadda hawan jini da ciwon sukari ke ƙaruwa a biranen Afirka ta Yamma, masu toshewar jijiyar zuciya za su ƙaru. Cibiyar Korle Bu ta cancanci a tabbatar mata da sinadari a kan kari da gyaran na'ura a kan lokaci. Abin da ake magana a kai shi ne jeri. Game da ruwan jakar zuciya, hoton nukiliya na zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu, ga mutum ƙalilan da eko da gwajin ruwa suka kasa warware matsalarsu. Mafi yawan mutanen zango da ke mutuwa da wannan ciwo ba su taka matakin farko ba.

Abin da ya rage ga al'umma

Akwai alamomin da bai kamata a zauna da su a gida ba: haki da ke ƙaruwa idan an kwanta, ciwon ƙirji da ke sauƙi idan an zauna an sunkuya gaba, kumburin ƙafa ko ciki, zazzaɓin yamma da gumin dare da rama, ko da babu tari. Idan jiri ya shigo, ko suma, ko jijiyoyin wuya suka tashi, wannan gaggawa ce, lambar kiran agaji a Ghana 112 ce. Ƙahon wanzami da tsaga ba sa kaiwa inda ruwan yake, ƙwayar sa fitsari da aka saya a kanti ba tare da likita ba kuwa tana iya ƙara dagula lamari. Wanda aka ce masa zuciyarsa ta yi girma a hoton ƙirji na da haƙƙin ya tambaya ko za a yi masa eko kafin ya fara magani. Mai katin NHIS da ya mutu na iya sabunta shi ta waya da lambar *929#, domin sauran gwaje-gwajen da kwanciya asibiti suna ciki.

Sarakunan zango da limamai, da ofishin Babban Limamin ƙasa da ke New Fadama, na da murya da ake ji a Akra, musamman a lokacin zaɓe. An kuma kafa asusun raya unguwannin zango da doka a 2017. Buƙatu uku ne masu sauƙin faɗa da sauƙin bibiya: a cire eko daga jerin abin da inshora ba ta biya, aƙalla ga wanda ake zargi da tarin fuka, a horar da ma'aikatan asibitocin da ke kusa da Nima da Maamobi da Old Fadama kan duba jakar zuciya da na'urar da suke da ita, a kuma fayyace wanda zai biya tiyata idan an makara.